Kafin Ku Fito Titi: Yadda Ake Shirya Zanga-zangar Lumana a Bauchi

Daminar da kwalbatin unguwarmu ya rufta, ruwa ya riƙa kwana a ɗakunan mutane, ni aka ɗora wa kai takarda caji ofis. Mun rubuta koke sau biyu, shiru kamar an shuka dusa, sai dattawa suka ce a tashi a kai kukan da ƙafa. Na miƙa takardar a kanta. Ɗan sandan da ke wurin ya karanta, ya juya bayanta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa ya ba ku izini?" Na ce, "Yallaɓai, ba izini muka zo nema ba, sanarwa muka kawo." Ya dube ni kamar na zagi wani babba, sannan ya shige da ni wurin DPO, shugaban caji ofis ɗin.

Shi DPO bai ɗauko maganar izini ba sam. Abu huɗu ya tambaye ni: ku nawa ne, ta ina za ku bi, ƙarfe nawa za ku watse, wa zan nema in abu ya lalace? A ranar, biyu kawai na iya amsawa. Duk mai shirin fito da jama'a titi a garin nan, ko don ruwa, ko wuta, ko albashi, ko kuɗin makaranta, ya tanadi amsar huɗun tun kafin ya buga kwali ɗaya.

Maganar izini

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa da hulɗa da wasu, na 39 kuma ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayinsa. To daga ina maganar izini ta fito? Daga Dokar Kiyaye Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979, wadda aka gada daga mulkin soja. Ita ce ta ce mai son yin taro ko jerin gwano a kan titi ya nemi lasisi wurin gwamna aƙalla awa 48 kafin ranar, gwamna kuma yana iya wakilta kwamishinan 'yan sanda ya bayar.

Ranar 22 ga Satumba 2003, jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano, 'yan sanda suka watsa taron da barkonon tsohuwa bisa hujjar ba a ba su izini ba. Chuba Okadigbo, wanda ya yi wa Buhari mataimaki a takarar shekarar, yana wurin, ya kuma rasu bayan 'yan kwanaki. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, Femi Falana ne lauyansu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, a Disamba 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar da hukuncin. Sai dai tsohuwar dokar tana nan kwance a littafi, shi ya sa har gobe za ka ji wani jami'i yana cewa "ba mu ba su izini ba."

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara fito da abin fili. Sashe na 83(4) ya ce idan mutum ko ƙungiya suka sanar da 'yan sanda za su yi taro, gangami ko jerin gwano a wurin da jama'a ke bi, jami'in da ke kula da yankin zai tura mutanensa su ba da tsaro. Ka haddace lambar sashen nan, ka kuma sa ta a takardarka.

Amma kada wannan ya kumbura maka kai. Sashe na 45 na tsarin mulkin ya yarda a taƙaita 'yancin nan da doka saboda tsaron ƙasa, lafiyar jama'a, zaman lafiya da haƙƙin wasu. A watan Agusta 2024 kotuna sun killace masu zanga-zangar tsadar rayuwa a wurare ƙayyadaddu: a Abuja filin wasa na MKO Abiola, a Legas dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota da wani a Ketu. A nan gida kuma gwamnatin Bauchi ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙaramar hukumar Katagum bayan zanga-zangar ta rikiɗe ta zama rikici a Azare. In akwai umarnin kotu ko dokar hana fita, a kotu ake ja da su, ba a kan kwalta ba.

Mataki na farko: me kuke nema, wa za ku miƙa wa?

Ku zauna ku rubuta buƙatarku a jimla ɗaya ko biyu. "A gyara mana kwalbati kafin ruwa ya sake sauka" buƙata ce da wani zai iya sa hannu ya ce ya karɓa. "Mun gaji" kuwa kowa na iya ɗaukarta ya kai inda ya ga dama, har da wanda ya gaji da ganin shagon wani cike da kaya. Ku kuma san ofishin da abin ya shafa. Matsalar ƙaramar hukuma ba a kai ta ƙofar Gidan Gwamnati, abin da ke hannun gwamnatin tarayya kuma ba majalisar dokokin jiha ce za ta warware shi ba, sai dai ta isar da saƙo.

Ku je ku gaida mai unguwa, ku gaya masa, in abin ya kai a sanar da hakimi a sanar. Doka ba ta wajabta ba. Amma in 'yan sanda suka tashi tambayar su wane ne ku, shi za su fara kira, kuma "na san su, 'ya'yanmu ne" daga bakinsa ta fi dogon bayanin lauya saurin aiki.

Mataki na biyu: takardar sanarwa

A rubuta ta ga kwamishinan 'yan sanda na jiha, a kai hedikwatarsu da ke titin Yandoka, a ba DPO na yankin da za ku taru kwafi. In tafiyar za ta ratsa yankin wani DPO ɗin, shi ma a kai masa. Takardar ta ƙunshi sunan ƙungiya ko unguwa, dalilin fitowa, rana, lokacin farawa da na watsewa, wurin taruwa, titunan da za a bi ɗaya bayan ɗaya, inda za a tsaya, kimanin yawan mutane, da sunayen mutum biyu ko uku masu jagoranci tare da lambobin wayarsu. A rufe da cewa ana sanar da su ne domin su ba da tsaro kamar yadda sashe na 83(4) ya tanada.

Ka kula da kalmar da za ka sa. Kada ka rubuta "muna neman izini" ko "muna roƙon amincewarku", domin wanda ka roƙa yana da damar ya ce a'a. Rubuta "muna sanar da ku." Ladabi dai a cika shi, ba a rage komai ba.

Ka tafi da kwafi biyu. Ɗaya su riƙe, ɗaya a buga maka hatimi, a sa hannu da kwanan wata, ka dawo da shi. Kada ka yarda da "ajiye nan, za mu kira ka." Ni sai da na zauna a benci daga hantsi har aka kira azahar kafin mai hatimin ya dawo, kuma da na tafi ban jira ba, ranar tafiyar ba ni da abin nunawa. Ka ɗauki hoton kwafin, ka tura wa duk jagororin, ka buga wasu a takarda saboda waya kan mutu ko ta faɗi.

A kai ta da wuri, kwana uku zuwa mako guda, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba laifi a ba ofishin DSS da na Sibil Difens kwafi, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. In aka kira ku zama, ku je, ku tafi da dattijo ɗaya da lauya in da hali. Sau da yawa za a ce ku sauya hanya ko ku rage lokaci. Wanda bai taɓa ainihin buƙatarku ba ku karɓa. In aka ce ku fasa gaba ɗaya, ku nemi a ba ku dalilin a rubuce.

Mataki na uku: hanya da lokaci

A nan ne akasarin masu shiri ke yin sakaci, su ce "za mu zaga gari." Zaga gari ba hanya ba ce. Wanda ya san Bauchi ya san taron da ya bi ta Wunti, ko gefen kasuwar Muda Lawal, ko Babbar Kasuwa, ba zai fita da yawan mutanen da ya shiga da su ba. 'Yan kallo za su biyo, masu zaman banza za su biyo, a cikinsu kuma akwai 'yan sara-suka da ba kwalbatinku ne ya dame su ba. 'Yan kasuwa da sun hango taro za su fara jan ƙofofi, ƙarar jan ƙofar kanta tana sa mutane gudu, gudu kuma shi ke jawo barkonon tsohuwa. Ku zaɓi gajeriyar hanya mai faɗi, wadda ba ta bi ta kasuwa, tasha, gidan mai ko ƙofar asibiti ba. Ɗalibai da ke tasowa daga Yelwa ko Gwallameji su yi tunani sau biyu kafin su ce sai sun tako har tsakiyar gari. Tafiyar tana da tsawo, kowace mahaɗa kuma ƙofa ce ta shigowar wanda ba a gayyata ba. In taron tsayuwa ne wuri ɗaya, fili mai katanga da ƙofa ya fi shataletale sauƙin tsarewa, sai dai a nemi yardar masu kula da filin tun da wuri.

Ku bi gefe ɗaya na titi, ku bar ɗayan ga motoci. Mai Keke Napep da ya ɗauko mara lafiya shi ma yana da haƙƙin hanya.

Safiya ta fi, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya. Kada a sa fita bayan sallar Juma'a, ranar da dubban mutane ke fitowa lokaci guda ba wanda ya san na wa ne, kada kuma a bi ta ƙofar coci ranar Lahadi. Garin da ya ga rikicin 1991 ya kuma ga na bayan zaɓen 2011 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda ƙaramar magana ke komawa ta addini. Lokacin watsewa kuwa a faɗe shi tun a wurin taruwa, a maimaita, a kuma cika shi ko da wanda kuka zo gani bai fito ba.

Mataki na huɗu: masu tsare layi, da dokar da ta sa ake buƙatarsu

Takardar da aka buga wa hatimi tana kare taronku ne muddin yana nan a yadda kuka bayyana shi. Dokar Pinal Kod, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ta ce mutum biyar ko fiye sun zama haramtaccen taro idan manufar da ta haɗa su ita ce tsorata gwamnati ko ma'aikacinta da ƙarfi, ko hana zartar da doka, ko ɓarna da kutse, ko tilasta wa wani abin da doka ba ta ɗora masa ba, ko hana shi bin hanyarsa da ƙarfin tsiya. A Kudu mutum uku ma sun isa. Ta kuma ƙara da cewa taron da ya fara da halal yana iya rikiɗewa ya zama haramtacce daga baya. A tsohon kundin, zama cikin irin wannan taro na iya jawo ɗaurin shekara ɗaya, tarzoma shekara uku, tarzoma da makami shekara biyar. Jihohi kan sabunta kundinsu, lambobin sassa su sauya, amma ginshiƙin bai sauya ba.

Wurin da ya fi ciwo shi ne wannan: in ɗaya daga cikin 'yan haramtaccen taro ya aikata laifi don cimma manufar taron, duk wanda ke cikinsa a lokacin ana iya kama shi da laifin. Wake ɗaya ke ɓata gari, a nan kuwa doka ce da kanta ta faɗa. Ba sai kai ka jefa dutsen ba.

Saboda haka ku ware masu tsare layi, mutanen da unguwa ta sani kuma take jin kunyarsu, a ɗaura musu ƙyalle mai launi ɗaya a hannu. Wasu gaba, wasu gefe da gefe, mafi ƙarfin zuciya a baya, domin ta baya ake shigowa. A namu tattakin, muna gab da wata mahaɗa sai ga yara uku sun gangaro da tsohuwar taya, ɗaya riƙe da gorar fetur. Wani tela ɗan unguwarmu, mutum mai sanyin magana, ya tare su ya ce, "Samari, wannan tafiyar ta dattawa ce, ku ga Baba Liman can a gaba. Ku ajiye ta nan, in kuna so ku shigo layi." Biyu suka juya, ɗaya ya ajiye ya biyo mu har ƙarshe yana ɗaga kwalin da bai san abin da aka rubuta a kai ba. Da an bari an kunna tayar nan, da labarin da za a bayar daban ne.

Kada kowa ya zo da sanda, gora, wuƙa, adda ko danƙo, ko da ya ce don kare kai ne. Kwalaye a riƙe su da hannu, kada a kafe su a jikin katako. Abin da aka rubuta a kai ya tsaya kan buƙata, ban da zagi, ban da ambaton ƙabila ko addinin wani. Lasifika ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Tuta kuwa in ba ta Najeriya ba ce a bar ta a gida. A Agusta 2024 an ga matasa suna ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna da wasu garuruwa, hukumomin tsaro suka ce cin amanar ƙasa ne, har telan da ke ɗinka ta aka kama.

Yara kuma kada a fito da su, in sun biyo a mayar da su. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 an gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar Agusta, da yawansu ƙananan yara ne da suka shafe kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Abin da kuke rubutawa a Facebook da WhatsApp kafin ranar shi ma yana cikin lissafi. "Gobe za mu ƙona gari" da wani ya rubuta da wasa a zauren ƙungiya, in an tashi shari'a shi za a karanto a matsayin manufar taronku. Mai kula da zauren ya goge irin wannan nan take, ya kuma ja kunnen mai shi a fili.

Ranar fita

Jagora ya isa kafin kowa, ya nemi babban jami'in da aka turo, ya gaishe shi, ya nuna masa kwafin takarda, su karɓi lambar juna. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da jami'ai. A tanadi ruwan leda, a sa wasu mutum biyu su riƙa ɗaukar bidiyo daga gefe tun daga farko har ƙarshe, saboda shi ne shaidarku cewa lafiya kuka fito. A bar wani a gida da jerin sunayen waɗanda suka fita da lambar lauya.

In kun isa, wakilai uku zuwa biyar su shiga ko a fito a same su, a karanta koken, a miƙa, a karɓi sa hannu. Kada a taɓa ƙofa, kada a hau katanga. In aka tare ku da shinge kafin ku isa, ku tsaya nan, ku nemi a turo wanda zai karɓa.

Idan jami'i ya ba da umarnin a watse, ku watse, ko da kuna ganin zalunci ne. Ci gaba da tsayuwa bayan umarnin laifi ne mai zaman kansa, kuma sashe na 33(2) na tsarin mulki, wanda mutane ba su cika karantawa ba, ya bar ƙofar amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata wajen murƙushe tarzoma, ko da an rasa rai. Ko an wuce gona da iri, kotu ce za ta tantance daga baya, ga wanda ya rayu. Ku rubuta lokacin da aka ba da umarnin da sunan da ke ƙirjin jami'in. In an harba barkonon tsohuwa, a nufi inda iska ke fitowa, kada a murza ido, a wanke da ruwa mai yawa, a kama hannun tsofaffi da masu asma.

In an kama wani

Kada ya yi gardama ko kokawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, dole kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, kamar yadda yake a cikin garin Bauchi, kwana ɗaya ne a kai shi gaban alƙali, in babu kwana biyu. Wannan ƙa'idar ba ta hau kan laifin da hukuncinsa kisa ne ba, cin amanar ƙasa kuwa yana cikinsu, ka ga abin da ya sa maganar tuta ba wasa ba ce. 'Yan sanda kuma suna iya samo umarnin majistare na ci gaba da tsarewa, shi ya sa ake son lauya ya shigo tun ranar farko.

Kada ya sa hannu kan bayanin da bai karanta ba. In ba ya jin Turanci, ya nemi tafinta. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, mace ma tana iya tsaya wa mutum. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba a ɗaukar uba saboda ba a ga ɗansa ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da duka don a tilasta amsa laifi babban laifi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ke Bauchi. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46, tsarin mulki kuma ya ce a biya shi diyya a ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Gangamin siyasa yana da ƙarin nasa sharuɗɗan. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce ba a hana jam'iyya mai rajista yin taro, in biyu suka yi karo a wuri ko lokaci 'yan sanda su sasanta ta hanyar tuntuɓa, ta kuma hana zuwa da makami da yin kamfe a wuraren ibada. Zagayen Maulidi da jerin gwanon coci su ma sanarwar nan ce dai, da hanya, da masu tsare layi.

Bayan an watse, jagora ya zauna da jerin sunayen nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ta waya ko ta aike, har ya tabbatar kowa ya koma gida. Wanda ba a gani ba, a fara dubawa caji ofis mafi kusa da inda aka rabu, sannan asibiti. Kwafin koken da aka sa wa hannu a ba mutum ɗaya ya adana, bayan mako biyu wakilan nan su koma da shi ofishin su tambayi inda aka kwana.